Tarihin Imamu Gazali, Malamin Da Ya Bar Daula Don Gyaran Zuciya

A watan Nuwamba na shekarar 1095, wanda ya yi daidai da Zulƙida ta shekarar 488 bayan Hijira, wani labari ya bazu a birnin Bagadaza wanda ya ɗaure wa manya da ƙanana kai. Babban malamin makarantar Nizamiyya, watau Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali, ya ajiye aikinsa, ya rabar da dukiyarsa, ya fita gari. Ba korarsa aka yi ba, ba a kuwa kama shi da wani laifi ba. Shekarunsa wajen 37 a lokacin, ɗalibai kamar 300 ke zama a gabansa, fadar Halifa tana girmama shi, kuma a ƙasashen Musulmi na gabas babu kujerar malanta da ta fi tasa daraja.

Abin da ya fitar da shi tambaya ce guda ɗaya da ya yi wa kansa, watau don wa ya ke yin wannan aiki duka. Amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Daga wannan tambaya ne aka sami littafin nan Ihya'u Ulumiddin, wanda yau shekara fiye da 900 ke nan mutane suna buɗe shi don su koyi yadda za su tsara rayuwarsu bisa ƙa'ida, su kuma san abin da suka zo yi duniya.

Maraya a garin Ɗus

An haifi Gazali wajen shekarar 1058 a Ɗus, cikin lardin Hurasan. Kangon garin yana kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yanzu. Masu tarihi sun ce mahaifinsa talaka ne mai sana'ar kaɗin ulu, ba shi da ilmi mai zurfi, amma yana son zama wurin malamai. Da ajali ya gabato shi sai ya damƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, a hannun wani amininsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara, ya roƙe shi ya sa su karatu.

Mutumin ya riƙe amana har kuɗin suka ƙare. Shi kuwa ba mai hali ba ne, saboda haka ya shawarci yaran su shiga makarantar da a ke ciyar da ɗalibai, ko ba komai sa sami abin sa wa baka. Haka suka yi. Bayan Gazali ya girma ya kan tuna da wannan, ya nuna cewa da fari neman abinci ne ya kai su makaranta, daga baya ilmin da kansa ya ja su zuwa ga Allah.

Ya fara karatun fiƙihu a garinsu wurin Malam Ahmadu Arrazakani, sa'an nan ya tafi Jurjan ya ƙara. Akwai wani labari da a ke bayarwa game da dawowarsa daga can. 'Yan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe kome, har da gafakar da ya zuba takardun da ya rubuta duk karatun da ya ɗauka. Gazali ya bi su yana roƙo a mayar masa da takardun, don su ne ilmin da ya bar gida dominsa. Shugaban 'yan fashin ya yi masa dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka. Ya dai jefa masa abinsa. Maganar ta zauna wa yaron a rai, har aka ce da ya isa gida ya shekara uku yana hardace abin da ke cikin takardun. Wannan shi ne karo na farko da ya gane bambancin ilmin da ke cikin jaka da wanda ke cikin mutum, kuma tunanin bai rabu da shi ba har ya mutu.

Daga Naisabur zuwa Bagadaza

Daga Ɗus ya tafi Naisabur, babban birnin ilmi na Hurasan, ya zauna wurin Imamul Haramaini Aljuwaini, wanda ke gaba da kowa a zamaninsa wajen fiƙihun mazhabar Shafi'i da ilmin tauhidi. Nan ya ƙware a fiƙihu da usulu da manɗiƙi da muƙabala, har ya fara wallafa littattafai malaminsa na raye. Aljuwaini ya rasu a 1085.

A wannan zamani Turkawan Saljuƙ ne ke riƙe da mulki daga tsakiyar Asiya har zuwa Sham. Halifan Abbasiyawa yana Bagadaza da suna da alfarma, amma takobi yana hannun Sarki Malik Shah, sha'anin mulki kuwa yana hannun wazirinsa Nizamul Mulk. Wannan waziri shi ya gina makarantun da a ke kira Nizamiyya a manyan birane, ya yanka wa malamai albashi, ya ba ɗalibai wurin kwana da abinci. Zangonsa kullum cike ya ke da malamai, ana ta muƙabala a gabansa. Gazali ya je can, ya kara da manyan malamai ya rinjaye su. Waziri ya ga abin da ya gani, a shekarar 1091 ya naɗa shi malamin Nizamiyya ta Bagadaza yana da shekara 33.

Ya shiga Bagadaza da alfarma. Manyan malamai suna zuwa sauraron darasinsa, ana aiko masa da tambayoyi daga nesa, fada tana neman shawararsa. Amma shekara guda da zuwansa duniyar ta fara juyawa. A watan Oktoba na 1092 aka soke Nizamul Mulk da wuƙa a kan hanya ya mutu, aka ɗora laifin a kan 'yan Baɗiniyya, wani reshe na Isma'iliyya. Bayan kamar wata guda Malik Shah ma ya rasu, 'ya'yansa suka shiga yaƙin neman gadon sarauta. A 1094 Halifa Almuƙtadi ya rasu, ɗansa Almustazhir ya hau yana saurayi. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni Gazali ya ga mutane uku mafi girma a daular sun kau. Sabon Halifa ya sa shi ya rubuta littafin raddi ga Baɗiniyya, ya kuwa rubuta, abin da ke iya jawo wa mutum wuƙa a wancan lokaci.

Binciken hanyoyi huɗu

Abin da ke gudana a zuciyarsa a waɗannan shekaru shi da kansa ya ba da labarinsa daga baya, cikin wani ƙaramin littafi mai suna Almunƙizu Minad Dalal, watau mai tsamo mutum daga ɓata. Ya nuna cewa tun yana yaro ya lura kowane ɗa yana tashi ne a kan addinin da ya tarar da iyayensa, sai ya so ya san abin da mutum zai iya tabbatarwa da kansa ba don an gaya masa ba. Ya gwada ido, ya ga ido na ruɗi: inuwa ta kan yi kamar a tsaye ta ke alhali tafiya ta ke yi, tauraro kuma ya kan yi kamar ƙwandala alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ya koma ga hankali, sai ya tuna mai mafarki ma ya kan sakankance da abin da ya ke gani har sai ya farka. Wajen wata biyu ya yi cikin wannan shakka, bai gaya wa kowa ba, kafin Allah ya yaye masa.

Da ya warke sai ya kasa masu neman gaskiya na zamaninsa kashi huɗu, ya ƙudura zai bi kowace hanya har ƙarshenta kafin ya yanke mata hukunci. Na farko malaman tauhidi masu kafa hujja. Ya ga aikinsu yana da amfani wajen kāre aƙida daga masu kawo ruɗani, amma bai kashe masa ƙishirwarsa ba. Na biyu masana falsafa, masu bin tafarkin Yunanawa irin su Alfarabi da Ibnu Sina. Ya yi kusan shekara biyu yana karanta littattafansu shi kaɗai a lokacin da ya ke samu bayan darasi, ya ƙara wajen shekara guda yana juya abin a ransa. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa ya bayyana ra'ayoyinsu yadda su ke, sa'an nan ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a kan mas'ala 20. A uku daga ciki ya ce sun fita daga Musulunci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ƙananan al'amura ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Duk da haka bai yi watsi da ilminsu gaba ɗaya ba. Ya gargaɗi Musulmi kada su ƙaryata lissafi da abubuwa irin su sanin lokacin husufin rana da na wata da sunan kāre addini, domin mai yin haka addinin ya ke jawo wa raini.

Na uku su ne Baɗiniyya, masu cewa ba a samun gaskiya sai daga bakin wani limami wanda ba ya kuskure. Ya bincika bai sami wani abu a hannunsu ba. Saura sufaye. Ya karanta Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Almakki da littattafan Almuhasibi da abin da aka ruwaito daga Junaidu, har ya san duk abin da a ke iya sani ta karatu. Nan ya ci karo da bango. Ya gane cewa wannan hanya ba a cim mata da karatu, sai da aiki da canjin hali. Ya kwatanta kansa da likitan da ya san ma'anar lafiya da sunayen magunguna duka, alhali shi kansa yana kwance ba lafiya.

Ciwon da ya gagari likitoci

Sai ya juya ya dubi kansa kamar yadda ya dubi littattafan mutane. Ya auna ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne koyarwa. Ya auna abin da ya ke koyarwa, ya ga yawancinsa ba ya amfanar mutum a kan hanyar lahira. Ya auna niyyarsa, ya tarar ba don Allah tsantsa ya ke yi ba, son girma ne da son sunansa ya yi nisa ke tura shi. Mutumin da ya kayar da kowa a muƙabala ya rasa hujjar da zai kāre kansa a gaban kansa.

Tun daga watan Rajab na 488, watau Yuli na 1095, ya yi wajen wata shida yana kai da kawowa. Da safe ya ƙudura zai bar Bagadaza, kafin yamma son duniya ya warware ƙudurin. Wata zuciyar tana gaya masa saura kaɗan kwanansa ya ƙare kuma tafiyar da nisa, wata tana gaya masa wannan wani yanayi ne mai wucewa, in ya saki irin wannan matsayi ba lalle ya sāke samunsa ba. Ana cikin haka sai abin ya fi ƙarfinsa. Wata rana ya zauna zai ba da darasi, harshensa ya ƙi motsi. Daga nan abinci ya daina narkewa a cikinsa, ƙarfinsa ya tafi. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso ya bazu a jiki, ba shi da magani sai in damuwar da ke ransa ta kau.

Da ya ga dabararsa ta ƙare sai ya koma ga Allah da addu'a, barin daula ya zo masa da sauƙi. Ya san Halifa da abokansa ba za su bar shi ya tafi ba in sun san gaskiya, saboda haka ya nuna Makka za shi, alhali Sham ya nufa. Ya rabar da dukiyarsa, ya rage abin da zai ishe shi da iyalinsa. Ƙanensa Ahmadu, wanda ya shahara da wa'azi, ya riƙe masa darasin. Surutu ya yi yawa a gari. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne ya kore shi, na kusa da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe shi suka ce kambun baka ne ya faɗa wa malamai. Har a cikin masu tarihi na baya akwai masu ganin rikicin gidan sarauta da tsoron wuƙar Baɗiniyya suna da hannu a tafiyar. Shi dai dalilin da ya bayar shi ne tsoron makomarsa, kuma yadda ya yi sauran rayuwarsa ya gaskata shi.

Alkawari uku

Ya sauka Dimashƙa, ba wanda ya ke nema sai kaɗaici. Ya kan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya rufe ƙofa ya wuni yana zikiri. Daga nan ya tafi Baitul Muƙaddas ya yi irin wannan zama a Ƙubbar Dutse. Ya wuce garin Halil, inda kabarin Annabi Ibrahim ya ke, a can ne ya ɗauki alkawari uku waɗanda ya ambata daga baya cikin wasiƙunsa: ba zai sāke zuwa fadar wani sarki ba, ba zai sāke karɓar kuɗin sarki ba, ba zai kuma sāke shiga muƙabala ba. Duk wanda ya duba zai ga waɗannan uku su ne matakan da ya taka ya hau. Ya yi aikin Hajji a 1096, ya ziyarci Madina.

Kewar 'ya'yansa ta jawo shi gida. Ya biyo ta Bagadaza a 1097, amma bai koma kujerarsa ba, ya sauka a masaukin sufaye. A nan wani saurayi daga Andalus, Abubakar Ibnul Arabi, wanda daga baya ya zama alƙalin Ishbiliya kuma babban malamin Malikiyya, ya same shi ya yi karatu a wurinsa. Daga nan Gazali ya koma Ɗus ya zauna, yana koyar da 'yan ɗalibai kaɗan ba da albashin kowa ba.

Littafin Ihya

A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, ma'anarsa rayar da ilmomin addini. Sunan kansa zargi ne ga malaman zamaninsa, har da shi kansa na dā, domin ba a rayar da abu sai ya mutu. A ganinsa malamai sun shagala da rassan shari'a da gardama saboda su ne ke kai mutum ga alƙalanci da kusantar sarakuna, sun bar ilmin gyaran zuciya wanda kowa zai buƙata ranar da ba alƙali sai Allah.

Ya kasa littafin kashi huɗu, kowane kashi littafi goma, jimla 40. Kashin farko ibada ne: ya fara da ilmi da aƙida, sa'an nan tsarki, salla, zakka, azumi, Hajji, karatun Alƙur'ani da zikiri, yana bayyana yadda a ke yinsu da kuma abin da a ke nufi da su. Kashi na biyu zaman yau da kullum ne: ladabin cin abinci, aure, neman halaliya, halal da haram, abota, tafiya, da umurni da kyakkyawa. Da wannan ya nuna cewa kasuwa da ɗakin aure ma wuraren bauta ne. Kashi na uku abubuwa masu halakarwa: kwaɗayin ciki da sha'awa, ɓarnar harshe wadda ya lissafa har iri 20, fushi da hassada, son duniya, rowa, son girma da riya, girman kai, da ruɗin kai. Kashi na huɗu abubuwa masu tsirarwa: tuba, haƙuri da godiya, tsoro da fata, gudun duniya, tawakkali, ƙauna, niyya da ihlasi, yi wa kai hisabi, da tunani. Littafi na 40 a kan tuna mutuwa ya ke.

Abin da ya sa littafin ya shiga zukatan talakawa shi ne bai tsaya ga faɗin abu kaza kyau ne, abu kaza muni ne ba. Kowane hali ya kan kawo asalinsa, da alamominsa, da maganinsa, kamar likita. Babin riya da son girma kuwa ya rubuta shi ne da sanin wanda ya yi jinyar ciwon. Ya nuna yadda malami kan ji zafi in ɗalibinsa ya koma wurin wani malami, ya ce wannan zafin shi ne shaidar cewa ba don Allah ya ke koyarwa ba, domin mai son a warkar da majinyaci ba ya baƙin ciki in wani likita ya warkar da shi.

Wajen tsara yini ya ɗauko misali daga fatauci. Ya ce kwanakin mutum su ne jarinsa, ba shi da wani, ransa kuwa kamar abokin haɗin jari ne wanda in an sakar masa zai cinye uwar kuɗi. Saboda haka ya shimfiɗa matakai shida. Da asuba mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi game da abin da zai yi da ido da harshe da ciki da hannu. Da rana ya sa masa ido. Da dare ya zauna ya yi lissafin riba da hasara. In ya sami gibi ya hore shi, sa'an nan ya ƙara matsa masa wajen aikin alheri, kuma kada ya daina yi masa faɗa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe shago ya ƙirga cinikin yini zai gane wannan ba sai an yi masa sharhi ba.

Don waɗanda ba su iya ɗaukar babban littafin ya rubuta ƙanana. Bidayatul Hidaya yana bin mai karatu daga farkawa har kwanciya. Kimiya'us Sa'ada kuwa da Farisanci ya rubuta shi, harshen mutanen garinsu, don wanda bai ji Larabci ba ya amfana.

Komawa aji

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce darasinsa shi ne mutum ya guji aiki ya shiga ɗaka. Amma a watan Yuli na 1106, bayan shekara 11 da barin Bagadaza, Fahrul Mulk ɗan Nizamul Mulk, wazirin Sarki Sanjar, ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Gazali ya yi shawara da mutanen kirki, ya duba yadda imani ya yi rauni a cikin jama'a, ya ga zaman ɗaka a irin wannan lokaci zai iya zama son hutu ne kawai. Ya karɓa. Ya bayyana cewa wannan ba komawa ce ga abin da ya bari ba, domin dā yana koyar da ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana koyar da ilmin da a ke barin son girma da shi. Aikin ɗaya ne, niyyar ce ta canja.

Bai sami kwanciyar hankali a can ba. Bayan 'yan watanni aka kashe Fahrul Mulk. Abokan gāba suka tono wani littafi da ya rubuta tun yana saurayi, suka kai ƙara wurin Sanjar cewa ya ci mutuncin Imamu Abu Hanifa. Ya nemi a ɗauke masa zuwa fada saboda alkawarin da ya yi a Halil, Sarki ya ƙi, dole ya je. Da ya tsaya gaban Sarki ya wanke kansa, ya kuma yi amfani da damar ya roƙa wa talakawan Ɗus sassauci, domin fari da sanyi da nauyin haraji sun gama da su. Ya gama babban littafinsa na usulu, Almustasfa, a 1109, ya koma Ɗus. A 1110 kujerar Bagadaza ta sāke zama ba kowa, aka aiko masa ya zo ya hau. Ya ba da haƙuri, ya kawo dalilin ɗalibansa da iyalinsa da alkawarin nan nasa.

Littafin Ihya ma bai tsira daga suka ba. A 1109 aka ƙone shi a Ƙurɗuba a zamanin Sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu, bisa fatawar waɗansu malaman Andalus. Malaman hadisi sun ce akwai hadisai masu rauni da marasa asali a cikinsa, wannan kuwa gaskiya ne, shi ya sa Hafiz Al'iraƙi, wanda ya rasu a 1404, ya bi hadisan ɗaya ɗaya ya bayyana matsayin kowanne. Ibnul Jauzi ya soki littafin, amma duk da haka ya taƙaita shi da sunan Minhajul Ƙasidin don kada a rasa amfaninsa. Ibnu Rushdi ya mayar masa da martani a kan falsafa da littafin Tahafutut Tahafut. Akwai kuma masu yi masa zargin cewa Turawan yaƙin gicciye sun ci Baitul Muƙaddas a 1099 yana raye, amma ba a ga ya ɗaga alƙalami a kan wannan masifa ba.

Rasuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a Ɗus, tsakanin 'yar makarantar da ya gina kusa da gidansa da masaukin sufaye. Wani da ya san shi ya ba da labarin cewa a wannan lokaci ya duƙufa kan karatun Buhari da Muslim, watau fannin da aka ce ya fi rauni a ciki shi ya koma yana koyo da furfurarsa. Ranar Litinin 14 ga Jimada Sani 505, cikin Disamba na 1111, ya rasu yana da shekara wajen 53. An ruwaito daga ƙanensa Ahmadu cewa da asubar ranar ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye sosai rai ya yi halinsa. 'Ya'ya mata ya bari.

Musulmi suka yi masa laƙabi da Hujjatul Islam, da yawa kuma suna lissafa shi mujaddadin ƙarni na biyar. Turawa sun san shi da sunan Algazel tun da aka juya Maƙasid zuwa Latin a ƙarni na 12. Littattafansa sun ƙetare Sahara tare da fatake da alhazai. Murtala Azzabidi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1791, ya yi wa Ihya sharhi mai juzu'i 10, kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya sadu da shi a can ya karɓi ijaza a wurinsa. Shehu da ƙanensa Abdullahi sun yawaita kafa hujja da maganganun Gazali a littattafansu, har yau kuma ana karanta Ihya a zaurukan malamai na ƙasar Hausa.

Littattafan koyar da zaman duniya suna da yawa, kowane zamani da nasa. Abin da ya sa na Gazali ya daɗe shi ne mai shi ya fara gwada maganin a kansa, ya biya da kujerarsa da dukiyarsa da sunansa, sa'an nan ya rubuta wa wasu. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.